Keken Faransi a Rairayin Illo

A shekarar da aka karɓi mulkin kai, kekunan da ke garin Illo ba su kai talatin ba, kuma babu ɗaya da bai taɓa wuni a gindin maɗacin Attahiru ba. Maɗacin yana bakin kasuwa, kusa da inda hanyar Lolo ta rabu da ta Kaoje. A nan yake zama tun hantsi, da kwanon ruwansa na neman huji, da famfo, da akwatin sifanu wanda ba ya barin kowa ya taɓa.

Attahiru gwani ne, wannan ko maƙiyinsa bai musa ba. Shekara tara ya yi a Faraku, can cikin Dahome, ƙasar da Faransi ke mulka, yana gyaran kekunan 'yan sanda da masinjoji, ya dawo gida da hannu mai kyau da baki marar daɗi. Bai ɗauki kowa a bakin komai ba. In ka kawo masa keke sarƙa a bushe, sai ya dube ka, ya dubi sarƙar, ya tambaye ka ko ita ma azumi take yi. Mutane suna haƙuri da shi don babu wani, kuma don facinsa ba ya tashi.

Cikin watan Agusta, tsakiyar damina, Dahome ta riga Nijeriya samun 'yanci da wata biyu. Turawan Faransi da ke bakin iyaka suka fara naɗe tabarma, abin da ba zai ɗauku ba suna sayarwa. 'Yan Illo suka yi ta ƙetarawa, wannan ya dawo da gadon ƙarfe, wancan da fitila mai famfo. Cikin masu ƙetarawar har da Ma'azu, sabon malamin gona da aka turo daga Birnin Kebbi, saurayi mai gajeren wandon kaki da doguwar safa da alƙalami biyu a aljihun riga. Attahiru ya riga ya yanke masa hukunci tun ranar da ya fara ganinsa: alƙalami ɗaya na rubutu ne, ɗayan don mu gani ne.

Abin da Ma'azu ya sayo a Malanbil, garin da ke ƙetaren iyaka, keken tsere ne, shuɗi, wanda wani Bafaranshe ke zagaya gari da shi da yamma. Kansa a lanƙwashe ƙasa kamar ƙahon rago, sirdinsa siriri kamar busasshen harshen saniya, ba kariyar ɗaukar kaya, ba madigadi, tayoyinsa kuwa ba su fi kaurin babban yatsa ba. A kan hanya mai tauri yana gudu kamar iska. Amma hanyoyin Illo rairayi ne in rana ta fito, laka ce in an yi ruwa. Tun daga Lolo Ma'azu bai hau sirdin nan ba. Tura shi ya yi ta yi, ya shigo gari yana gumi, safa ta koma launin ƙasa, mata a bakin rijiya suna rufe baki da gyale.

Kwana uku ya gwada. Ya hau, tayar gaba ta nutse kamar wuƙa a cikin tuwo, ya sauko. Ya sake hawa, ya sake saukowa. Ran na huɗu ya turo keken gindin maɗaci.

"Kai, mai faci."

Ba sallama, ba ina kwana. Attahiru ya haura hamsin, furfura ta cika masa gemu, ko hakimi in ya aiko masa da keke sai ɗan aiken ya gaishe shi. Ya ɗago kai a hankali.

Ma'azu ya ce, "Taya nake so ka canza mini. Ka cire waɗannan, ka sa manya, irin na keken Rali."

Attahiru ya goge hannu ya tashi. Ya ɗaga keken da yatsu uku. Ya juya feda baya, ya saurari ƙarar da take yi, wadda bai ji irinta ba tun barinsa Faraku. Ya shafa inda aka haɗa ƙarafunan, sumul, ba ko tabo. Sai ya ji irin haushin da mutum ke ji in ya ga ingarman doki a hannun wanda jaki ma ya fi ƙarfinsa.

Ya ce, "Ba ta shiga, Malam."

"Kamar yaya ba ta shiga?"

Attahiru ya cusa ƙaramin yatsansa tsakanin tayar gaba da ƙafafun ƙarfen nan biyu da ke riƙe da ita. Da ƙyar yatsan ya wuce.

"Ga wurin da kake da shi duka. Tayar Rali ba ta hawa wilin ga, ya yi mata kaɗan. In ka ce wilin Rali za ka sa gaba ɗaya, ƙafafun ga ba su buɗe mashi. In an tilasta, taya ta gogi sama, birki ya rasa wurin zama. Baya ma haka."

Akwai sauran magana, kuma Attahiru ya san ta. Faransi suna yin wata taya don irin wannan wilin, wadda ta fi wannan kauri da kamar rabin yatsa, ana samunta a kasuwar Malanbil. Ita za ta shiga daidai. In an sa ta aka rage mata iska kaɗan, ba za ta mayar da keken raƙumi ba, amma za ta kai mutum Kaoje yana kan sirdi. Har ya buɗe baki zai faɗa, Ma'azu ya riga shi.

"Ka ga matsalarku ke nan. Abu kaɗan sai ku ce ba ya yiwuwa. Nan da wata biyu ƙasar nan za ta dawo hannunmu, kuma da irin wannan ba-ta-shiga ɗin babu inda za mu. In ba ka iya ba ka ce ba ka iya ba. Ba abin kunya ba ne ga wanda bai yi makaranta ba."

Akwai mutum huɗu ko biyar a kan benci, duk a kunnensu. Attahiru ya jingine keken a jikin maɗaci a hankali, don keken bai yi masa laifi ba. Ya koma ya zauna gaban kwanonsa.

"Gaskiyarka, Malam. Ban iya ba."

Daga nan Ma'azu ya wuce maƙerar Ɗanmusa. Shi Ɗanmusa maƙerin hauya ne da lauje, mutum mai fara'a wanda bai taɓa ce wa ƙarfe a'a ba. A wurinsa ƙarfe ƙarfe ne: in ya ƙi ji a sa shi wuta, in ya sake ƙi a ƙara masa guduma. Ya samo wilin wani tsohon Rali da ya daɗe a jingine a zauren wani, ya hura zugazugi, ya sa ƙafafun keken a wuta har shuɗin fentin ya ƙone, ya cusa itace a tsakani ya yi ta bugu. Maƙerar ba ta da nisa da maɗaci. Attahiru yana jin kowace guduma, yana kankare wata robar ciki da zai yi wa faci, har ya kankare ta fiye da kima ta huje.

Da la'asar aka fito da keken. Wili ya shiga. Birkin gaba an cire shi an jefar, don ba shi da wurin zama, na baya kuwa an lanƙwasa shi yana kama taya da gefe ɗaya. Ɗanmusa har kariya ya ƙera masa kyauta. Ƙafa ɗaya ta fi ɗaya buɗewa, saboda haka in keken yana tahowa sai ka ga tayar gaba da ta baya ba layi ɗaya suke bi ba, yana tafiya a karkace kamar kare mai sassarfa. Amma yana tafiya. Ma'azu ya hau, ya ratsa rairayin bakin kasuwa bai sauko ba, ya zagayo ta gaban maɗaci sau biyu yana kaɗa ƙararrawa.

Ran ɗaya ga Oktoba aka taru a filin makaranta. An yanka sa, an dafa shinkafa, yara suna ta kaɗa 'yan tutoci kore da fari. Ma'azu ya ɗaura babbar tuta a sanda a bayan kekensa, ya zagaya filin sau uku, ana tafi. Wani daga cikin 'yan benci ya zunguri Attahiru.

"To, Attahiru, ga shi ta shiga."

Attahiru ya tofar da goro. "Ƙarhen keke ba ƙarhen hauya ba ne. Bututu ne, siriri kamar ɓawon albasa. Ya sha wuta, ya sha guduma. Zai karye, kuma gaba zai karye, kuma ran da ya karye, Malam da baki zai sauka."

Aka yi dariya. Dariyar ta yi masa daɗi, washegari ya maimaita. Daga nan ta zama masa kamar wuridi. Duk sa'ad da keken ya gifta a karkace, sai Attahiru ya ɗago kai ya ce, "Da baki zai sauka." Wata ya wuce, biyu suka wuce, aka yanke shinkafa aka sussuke, keke bai karye ba.

Abin da ya ƙara ba shi haushi, yaron ba rago ba ne. Kullum da sassafe ya fita, yau Kaoje, gobe ƙauyukan bakin kogin Kwara, wata rana ya sa keken a kwalekwale ya ƙetara. Manoma suka fara cewa malamin nan yana da girman kai amma yana zuwa. Attahiru ya ce ai ko ungulu tana zuwa. Wanda bai taɓa yin kanta a tafin hannu ba, shi zai koya wa mutanen Kaoje shinkafa, su da kakanninsu suka mutu da laka a ƙafa.

Wata Juma'a, saura 'yan makonni azumi, Attahiru ya fito masallaci ya tarar da keken a jingine a bango. Idon mai sana'a ba ya hutu. Ya sunkuya kamar yana gyara takalmi, ya dubi inda ƙafar hagu ta haɗu da wuyan keken. Ga shi nan: tsaga, siririya kamar gashi, da ɗan jan tsatsa a bakinta. Ya sa farce ya bi ta. Ta kusa zagaye rabin bututun.

Ya miƙe, sai ga Ma'azu yana fitowa, yana sa takalmi, bai fi taku biyar tsakaninsu ba. Attahiru ya tsaya. In yaron ya gaishe shi, ko da ɗaga hannu ne, zai faɗa masa. Haka ya gaya wa kansa. Ma'azu ya dube shi kamar yadda ake duban turmi, ya ja kekensa ya hau. Attahiru ya koma gindin maɗaci ya ce wa 'yan benci, "Ba ya kai azumi. Ku riƙe wagga magana."

Kwana tara bayan nan, Ma'azu ya ɗaura ƙaramin buhun sabon irin shinkafa a kariya ya nufi Kaoje. Akwai wani gangare da ke sauka cikin busasshen rafi, mai duwatsu a ƙasansa. Ya kama birkin baya, birki ya goga bai riƙe ba, tayar gaba ta daki dutse, ƙafar hagu ta ɓalle daga wuya. Fulani masu kiwo ne suka tsince shi, suka ɗoro shi a kan takarkari suka kawo shi gari, karyayyen keken a ɗaure a gefe. Ƙashin kafaɗa ya karye, haƙoran gaba biyu sun zube, leɓe ya tsage. Da baki ya sauka.

Attahiru ya zaci yanzu za a san wane ne gwani. Ya zauna yana jiran a zo a ce masa ka faɗa. Ba wanda ya zo. Bencin ya wuni ba kowa. Washegari ya ga wani ɗan tireda da ya saba kawo masa keke ya turo nasa, ya iso daidai maɗaci, ya sunkuyar da kai ya wuce maƙerar Ɗanmusa.

Matarsa Rabi ce ta kawo masa labarin daga gidan suna. A gari ana cewa baki ne. Wata biyar keke yana tafiya lafiya, mutum ɗaya yana zaune yana kiran karaya safe da yamma, har ya faɗi inda zai karye, da yadda za a faɗi, da lokacin. Wane gwani ne ke sanin lokaci? Wata tsohuwa ma ta tuna cewa bara Attahiru ya ce wa jikanta zai kashe kansa da gudu, yaron ya kwanta masassara sati guda.

Attahiru ya yi tsaki. "Jahilan banza. Tsaga na gani da idona ran Juma'a, a jikin masallaci. Ko makaho ya shafa ya sani."

Rabi tana tankaɗe, ta dakata.

"Ka gani, Maigida?"

"Na gani mana."

"Ka gaya mashi?"

"Shi wa? Wanda ya kira ni mai faci?"

Ta ci gaba da tankaɗenta. Can ta ce, "To kar ka faɗi wagga a waje. Gara su ce baki ne."

Ya ce a ransa mace ce, me ta sani game da ƙarfe. Amma bai faɗa a waje ba.

Sauran asirin Olatunji ne ya tona shi, kuma ba da nufi ba. Olatunji Bayarabe ne mai kantin kayan keke da fitilu, ya shekara ashirin a Illo, shi ke sayo wa Attahiru kaya. Ya je dubiya gidan Ma'azu, ya tarar da shi a kishingiɗe, mai ɗori ya ɗaure masa kafaɗa da karare. Cikin jaje ya ce ai da Malam ya yarda da tayar nan ta Malanbil, mai ɗan kauri, da duk wannan bai faru ba. Shi da kansa ya taɓa sayo wa Attahiru guda biyu don irin wannan keken na wani Badende, sun shiga kamar an auna. Shi a zatonsa an gaya wa Malam ne ya ƙi.

Ana cikin azumi Ma'azu ya fara fita. Da hantsi ya zo gindin maɗaci, hannu a rataye a wuya, ya rame. Attahiru yana zaune shi kaɗai, yana goge sifanun da ba su yi datti ba. Ma'azu ya tsaya a kansa. In yana magana iska na fita ta gurbin haƙoran, tana ɗan yin fito.

"An ce akwai tayar da ke shiga keken nan ba tare da wuta ba."

"Akwai."

"Ka san da ita ranar da na zo?"

"Na sani."

"Me ya hana ka faɗa?"

Attahiru ya ajiye sifana. "Ba tambayata ka yi ba, Malam. Umurni ka ba ni. Ka ce tayar Rali, na ce ba ta shiga, kuma ba ta shiga ba sai da wuta. Ka ce in ce ban iya ba, na ce. Mi ka nema wanda ban ba ka ba?"

Ya shirya wa faɗa. Ya zaci yaron zai yi ihu, ya ce zai kai shi gaban hakimi, ya yi ta Turanci, shi kuwa ya samu abin ba da labari na shekara. Ma'azu bai yi ko ɗaya ba. Ya daɗe yana dubansa, daga hula har takalmi, irin duban da Attahiru ke yi wa busasshiyar sarƙa.

"Ana ta cewa kana da baki. Ni ban yarda da wannan ba, na gaya musu ƙarfe ne ya gaji. Da farko na ɗauka rashin sani ne ya sa ka kore ni, har na daina jin haushinka. Ashe ka sani. Na yi maka rashin kunya, ban musa ba, ni yaro ne a gabanka. Kai kuwa da furfurarka ka zauna wata biyar kana jiran jinina don a yi maka dariya a benci." Ya gyara rataya. "Allah ya ba da kasuwa, Baba."

Ya juya ya tafi a hankali, don kafaɗar ba ta son girgiza. Attahiru ya nemi abin da zai jefa masa a baya, irin maganar da ke sa mutum tuntuɓe, bai samu ba. Abin da ya zo masa kawai shi ne yaron bai ma san da tsagar ran Juma'a ba.

Ma'azu ya warke, ya sayi baƙin keke irin na kowa, mai nauyi, mai manyan tayoyi. In ya yi faci, shi ke yi da kansa da hannu ɗaya da rabi. In abin ya fi ƙarfinsa, ya aika da shi Lolo. Bai sake taka inuwar maɗacin nan ba har aka ɗauke shi daga Illo bayan shekara biyu.

Masu keke kuwa suka dawo, ɗaya bayan ɗaya, don facin Ɗanmusa ba ya kwana uku, kuma ya murɗe wa mutum biyu feda har ta ƙi fita. Sai dai sun dawo da sharaɗi. Mutum zai jingine kekensa, ya ja da baya, ya ce, "Baba Attahiru, iska kawai take sha. Gyara dai, don Allah kar ka ce komi." In ya ɗago kai ya dubi sarƙa, sai mai keken ya yi sauri ya ce ya sani, ya sani, zai sa mata mai yau ɗin nan. Wasu har addu'a suke yi ƙasa-ƙasa.

Attahiru ya raina su ƙwarai a kan wannan, ya kuma gaya wa Rabi haka sau da yawa. Amma a gindin maɗaci ya bi sharaɗin. In ya ga birki ya ci, ko wili ya karkace, ko ƙarfe ya fara tsagewa, ba ya cewa uffan. Sai ya riƙe keken, ya gyara abin da aka kawo da wanda ba a kawo ba, mai shi yana tsaye a rana yana mamakin abin da ya sa faci ɗaya ke cin rabin wuni.